Mako na shida: yoyon da ya cinye mini RAM

'Yan uwa masu koyo, makon nan ban ƙara wa manhajar komai ba, gyara na yi ta yi. Wanda bai biyo mu daga farko ba, ƙaramar manhaja ce ta rubuta bashin shagon yayana, da yaren rubuta manhaja na C, bayanan kuma suna cikin SQLite, wato rumbun ajiyar bayanai.

Da na loda mata bayanan gwaji masu yawa sai asiri ya tonu. Takan tashi lafiya lau, tana tafiya tana nauyi, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da manhaja ke aiki a cikinta) ɗin tsohuwar laftof ɗina mai giga 4 yana cika, can sai Linux ya kashe ta, ya bar mini kalma ɗaya tak: Killed. Kwana biyu ina ɗora wa SQLite laifi, ashe ɓarawon yana cikin gida.

Abin haushin, tun tuni SQLite take gaya mini. Duk sa'ad da na kira sqlite3_close don rufe rumbun, lamba 5 take dawo da ita, wato SQLITE_BUSY, ni kuma ban taɓa duba amsar ba. Ma'anarta akwai umarnin da aka shirya da sqlite3_prepare_v2 ba a sallame shi da sqlite3_finalize ba. Na sa sqlite3_next_stmt ya zano mini su, sqlite3_sql kuma ya nuna rubutun kowanne. Duk abu ɗaya ne: neman sunan mai saye. Idan ba a samu sunan ba, na rubuta return a tsakiyar aiki, sai a fice kafin a iso layin finalize. Umarnin da ba a sallama ba kuwa yana ci gaba da riƙe RAM, wannan ne yoyon: kowane sabon suna, ɗigo ɗaya.

Yanzu sau ɗaya nake shirya umarnin kafin zagayen neman sunayen, ina wanke shi da sqlite3_reset bayan kowane amfani. Har sauri ta ƙara.

Kuskure na biyu kuwa Valgrind ne, mai binciko kurakuran amfani da RAM, ya kamo shi (ku yi haƙuri da shi, yana sa manhaja tafiyar hawainiya). Wasu sunaye kan fito a hargitse. Rubutun da sqlite3_column_text ke ba ka daga rumbun aro ne, da ka sake kiran sqlite3_step don ɗauko layi na gaba SQLite ta karɓe kayanta. Ni kuwa ajiye adireshin rubutun a RAM nake yi ina komawa daga baya. Yanzu da strdup nake kwafe rubutun, sannan in na gama in saki gurbinsa da free da hannuna.

Mako mai zuwa zan koma kan rasit, in wutar lantarki ta bari.