Inda na sauka a Abuja kafin maganar sayen gida

Duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, shawarar da zai fara sha ita ce kada ya zubar da kuɗinsa a haya, ya nemi gida ya saya kawai. Yawancin masu wannan shawara ba su taɓa kwana a Mararaba sun fito bayan sallar asuba don su isa Sakatariyar gwamnatin tarayya kafin takwas ba. Ni na zo da kuɗin filina da na sayar a Kano, ga ɗan abin da na tara, amma na ƙudurta ba zan ba kowa sisi da sunan sayen gida ba sai damina ta wuce a kan idona.

Matsalar ita ce garin bai san hayar wata-wata ba. Shekara ake biya gaba ɗaya, wani mai gidan ma ya ce sai biyu. A kan wannan dillali zai ɗora kashi 10 cikin 100 na la'adarsa, a sake ɗora wani kashi 10 na lauyan da ba za ka taɓa gani ba, sannan kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda dawowarsa sai wanda Allah ya so. Tun kafin a nuna maka ƙofar gidan ma akwai kuɗin dubawa. Akwai gidaje masu kaya a ciki da ake bayarwa na ɗan lokaci a Wuse, Jabi da Gwarinpa, sai dai lissafin kwana ake yi, kuma an yi su ne don 'yan biki da masu zuwa taro. Ma'aikaci ya yi wata guda a ciki, albashi ya tafi har da ƙari.

Saboda haka gidan Kawu na sauka a Kubwa, a ɗakin baƙi na bayan gida. Tun daren farko, bayan an ɗauke kwanuka, na faɗa masa ƙarshen wata mai zuwa zan tashi. Ya ɓata rai.

"Kai da gidanku kake yanka wa kanka wa'adi? Wa ya kore ka?"

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu, ba kora ba ce. So nake in riƙa zuwa gaisuwa ana murnar ganina."

Ya yi dariya, bai sake tayar da zancen ba. Kuɗi kam na san ba zai karɓa ba, don haka ban miƙa ba. Sai dai in sayi katin wuta in loda a mita ban faɗa ba, in tukunyar gas ta ƙare in ɗauka in ciko. Matarsa ta gane, kullum sai ta ce, "Kai dai ba ka jin magana," amma ba ta taɓa hana ni ba. Zaman gidan dangi yana da daɗi muddin kowa ya san ranar ƙarewarsa. In babu rana, sai a fara jin nauyin juna, kuma ba wanda zai iya buɗe baki.

Mafita daga ofis ta zo. Wani abokin aiki aka mayar Fatakwal, hayarsa ta ciki da falo a Dutse Alhaji da sauran fiye da rabin shekara, mai gida kuwa ba ya mayar da abin da ya shiga aljihunsa. Na biya shi kuɗin watannin da suka rage, ya bar mini katifa, fanka da labule. Babu dillali, babu la'ada. Irin wannan ragowar haya tana da yawa a garin ma'aikata, sai dai ba a tallata ta, a masallacin ofis da zauren WhatsApp na abokan aiki ake jin labarinta. Abin da na dage a kai shi ne mu je wurin mai gidan tare, ya amince a rubuce, a sa sunana da ranar da wa'adin zai cika. Yawancin takardun haya sun hana ɗan haya ya saka wani ba da izini ba, kuma wanda ya shiga ta bayan fage ana iya watso masa kaya waje ba shi da ta cewa. Na kuma duba mitar don kada in gaji bashin wuta.

Iyali na bari a Kano har yara su gama zangon karatu, kayan ɗaki kuma aka jibge a shagon ƙanena. Ɗaukar kujeru da gadaje a babbar mota sau biyu, daga Kano zuwa gidan wucin gadi sannan zuwa na dindindin, asara ce da karyewar ƙafafun kujera. Ranar Juma'a nakan hau jirgin ƙasa daga tashar Kubwa zuwa Rigasa a Kaduna, in ƙarasa Kano a mota. Tukunya biyu ake ɗorawa, ba na musu, amma hakan bai kai sauya wa yara makaranta sau biyu a shekara ɗaya tsada ba.

A wannan zaman ne na ga garin da idona. Wani gida da aka nuna mini a Lugbe cikin watan Maris, fenti sabo, farashi mai sauƙi, na koma a Agusta na tarar da alamar ruwa a bango har gwiwa, kuma maƙwabta suka ba ni labarin ambaliyar da ta shanye gidaje a yankin a daminar 2023. Wani a Karu ya yi mini, sai na gwada fitowa daga can ranar Litinin da safe, na ga yadda hanyar Nyanya take tsayawa cik. Wasu unguwannin ruwan famfo daga madatsar Usuma yana isa, wasu kuwa sai rijiyar burtsatse ko 'yan ga-ruwa, kuma dillali ba zai faɗa maka ba.

Sai batun takardu, wanda ya fi komai. Ƙasar Babban Birnin Tarayya a hannun gwamnatin tarayya take, minista ke ba da fili. Takardar da mai unguwa ya sa wa hannu ba ta hana katafila, kuma waɗanda suka ga rusau na zamanin da El-Rufa'i yake minista, daga 2003 zuwa 2007, har yau suna ba da labari. Duk gidan da ya kwanta mini, sai lauyana ya je AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, ya bincika fayil ɗinsa. Biyu sun faɗi a nan. Ga kuma rancen asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cire mana kashi 2.5 cikin 100 na albashi dominsa, shi ma ba ya fitowa da gaggawa, sai an bi ta bankin lamunin gidaje an jira.

Yanzu akwai wani gida mai ɗaki uku a Kubwa, ba nisa da tashar jirgi, da binciken ya fito lafiya, muna kan ciniki. Wa'adina na Dutse zai cika kafin a gama, don haka na roƙi mai gidan ya ƙara mini wata uku. Ya ce bai saba ba, amma tunda bai taɓa jin hayaniyata ba zai karɓa, da sharaɗin in biya gaba ɗaya kafin ƙarshen wata.