Abin da saba ke ci bayan an kafa ta

Aikinmu a shagon nan na Ƙofar Ƙaura shi ne haɗa kwamfutocin ofis da kula da saba, wato babbar kwamfutar da suke ɗaukar bayanai daga gare ta. Yawancin masu zuwa mana masu kemis ne, da makarantun kuɗi, da 'yan kasuwar da ke son lissafin sito ya zauna wuri guda.

Duk wanda ya zo, tambayarsa ɗaya ce: wace babbar manhaja za a ɗora wa sabar ta riƙa tafiyar da ita, Windows Server ko Linux? Windows kuɗinsa a fili yake. Lasisinsa da dala ake saye, kuma kowane ma'aikaci ko kowace kwamfutar da za ta shiga sabar sai an yi mata nata lasisin daban. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500 a 2024, sai mutane suka fara ja da baya. Wasu har yau suna kan Windows Server 2012, wanda aka daina toshe masa ɓarakar tsaro tun Oktoban 2023. Wannan kam ganganci ne.

Ubuntu, wanda nau'i ne na Linux, kyauta ne, kuma wanda ake fitarwa duk shekara biyu a watan Afrilu ana kula da shi shekara biyar. Na fi son sa, don sai ya yi watanni bai nemi a kashe a kunna ba. Amma nakan ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ranar da ya tsaya ina Kano, wa zai taɓa shi?" Masu hannu a kansa ba su da yawa a garin nan. Idan kuma manhajar lissafinka a kan Windows kawai take tafiya, magana ta ƙare.

Inda kuɗin yake tafiya da gaske shi ne wuta. A ɗauke ta ana tsakiyar rubuta bayani, sai ma'ajiyar ta hargitse, shi ya sa ba na kafa saba babu inbata da batura, da sola in da hali. Ga zafin bazara mai wuce digiri 40 yana cinye batir, ga ƙurar hunturu. Buɗe akwatin sabar a watan Fabrairu ka ga fanka ta yi dam da jar ƙasa, tana gurnani.

Faifai biyu masu kwafar juna ma ba sa hana asara: abin da yaron shago ya goge a ɗaya ya gogu a ɗayan. Don haka duk ranar Alhamis muna kwashe bayanan a faifan waje, mai shago ya tafi da shi gida, kuma lokaci-lokaci mukan dawo da su a wata kwamfuta mu ga ko suna buɗewa.