Daƙiƙa uku bayan tambaya

A shekaruna na farko a aji, babu abin da nake tsoro kamar shiru. Da na jefa tambaya, in ba a ɗaga hannu nan take ba, sai in amsa abina in wuce. Yara uku ko huɗu na layin gaba ne ke tafiya da ni, sauran kuwa sai kwafar allo.

A wani taron horar da malamai ne na fara jin binciken da Mary Budd Rowe, wata malamar kimiyya 'yar Amurka, ta gabatar a 1972. Ta saurari darussan da aka naɗa, ta gano cewa yawanci malami ba ya jira fiye da daƙiƙa ɗaya bayan ya yi tambaya. Idan jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, "ban sani ba" ya ragu, waɗanda ba a saba jin muryarsu ba su fara magana. Na rubuta a littafina, amma ban aikata ba. Gani nake ɓata lokaci ne, ga manhaja tana jirana.

Bisharar Luka sura 24, a Littafi Mai Tsarki, ce ta karya mini wannan taurin kan. Almajiran Yesu biyu suna hanyar ƙauyen Imawus, tafiyar kamar mil bakwai daga Urushalima, zukatansu a karye bayan an gicciye shi. Sai Yesu, da ya tashi daga matattu, ya iske su a hanya, ba su gane shi ba. Yesu ya fi kowa sanin abin da ya faru, tunda a kansa ya faru, amma ya tambaye su zancen me suke yi. Har ɗayansu, Kiliyobas, ya ɗauke shi baƙon da bai san halin da gari ke ciki ba. Bai katse shi ba. Ya sake tambaya, ya bar su suka zazzage cikinsu, da begensu da ruɗewarsu. Ya tsauta musu, gaskiya ne, amma sai da ya ji su tukuna, sannan ya fara bayani daga Musa da annabawa. Na daɗe a kan wannan wurin. Ni da nake cewa na gaskata an halicci kowane yaro cikin siffar Allah, ko daƙiƙa uku na kasa ba hankalin da Allah ya sa masa.

Washegari muna lissafi, na tambaya me ya sa rabi ya fi sulusi girma, alhali 3 ya fi 2. Hannayen da na saba gani suka tashi. Na ce a sauke, kowa ya yi tunani. Na riƙe alli ina ƙirga a zuci, ajin ya yi tsit har ina jin motsin takarda. Can sai wata yarinya da ke kusa da taga, wadda zango guda ban ji ta ce uffan ba, ta ɗaga hannu da ƙyar.

"Malam, ai in masu rabo suka yi yawa, rabon kowa raguwa yake yi."

Bayanin da na shirya a daren jiya bai kai nata ba. Na miƙa mata allin na ce ta zo ta zana mana. Ta zana da'ira biyu, hannunta yana rawa, ta raba ta farko gida biyu, ta biyu gida uku.