Tsagin layuka a jikin Alpha Jet: fukafukai sun kammala, saura gangar jiki

'Yan'uwa masu haɗa ƙananan jiragen roba, barkanmu da aiki. Ga inda na tsaya da tsagin layuka a jikin Alpha Jet, jirgin soja na horo da kai hari, ƙirar roba ta kamfanin Heller mai ma'aunin 1/72, wato ƙaramin da na gaske ya ninka sau 72. Fukafukai da wutsiya sun kammala, gangar jiki kuwa na kai rabi. Mu mutanen Garwa a Kamaru ba sai an gabatar mana da wannan jirgi ba, tunda sansanin sojan sama na 301 a garinmu yake. Dassault na Faransa da Dornier na Jamus ne suka haɗa hannu suka ƙera shi, ya fara tashi a 1973. Faɗin fukafukansa mita 9 da 'yan kai ne, a kan teburina kuma bai kai santimita 13 ba.

Ga sababbin shiga, ga dalilin wahalar. A tsofaffin akwatuna irin wannan, layukan da ke nuna mahaɗar farantan jikin jirgi a tashe suke. Da zarar ka manna ɓarin jiki biyu ka goge mahaɗar da samfefa, layukan baya da na ciki sun tafi, na gefe kuma suna nan. Shi ya sa muke sake tsaga su duka su nutse, yadda suke zuwa a akwatunan kamfanonin Tamiya da Hasegawa na yanzu.

Allurar keken ɗinki nake amfani da ita, wadda na dasa a bututun biro da sufa gulu. Ta fi allurar hannu tauri, ba ta lanƙwasa in ta haɗu da gargada. Sai dai a san halinta: allura ba ta cire roba, tura ta take yi gefe biyu kamar yadda garma ke tayar da kunya. Wuƙar tsagi ta Tamiya ita ce ke ɗauke siririn zaren roba ta bar rami mai tsabta. Mai allura dole ya bi da samfefa lamba 800 da ruwa, ya kwantar da tudun, ya share ramin da tsohon buroshin haƙori, sannan ya sake bi da allurar sau ɗaya a hankali. In akwai ruwan gam ɗin roba mai tsinkewa, ɗigo kaɗan a bakin siririn buroshi yana narkar da ɓurɓushin da ya rage a ciki.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne nauyin hannu. Bin farko ba yanka ba ne, nauyin allurar kaɗai ya isa, ana shata mata hanya ne kawai. Bi na biyu da na uku su ne ke zurfafawa, kuma a nan ma ba a dannawa. Ban goge layin asali tun farko ba. Na jingina allurar da shi ya zama mini rula, sai da tsagin ya samu na kankare shi. A fukafukai wannan dabara ta wadatar.

Gangar jiki ce mai gardama, saboda lanƙwasa. Kaset ɗin Dymo mai kauri, wato zirin roba mai gam da ake buga suna a kai, shi ne abin da aka saba jingina da shi, amma gam ɗinsa ba ya jure zafinmu. A watan Maris da Afrilu, in zafi ya haura digiri 40, yakan yi laushi ya zame a tsakiyar aiki. Bayan sallar asuba nake yi yanzu, kafin ɗaki ya ɗauki zafi. Na kuma yanka siririn zirin gwangwanin lemo, na naɗe shi a jikin jirgin na ɗaure da salatif. Yana bin lanƙwasa, kuma allura ba ta cin bakinsa.

Maganar zurfi, a yi lissafi. Tsagi mai faɗin milimita 0.2 a wannan ma'auni, in aka ninka da 72, ya zama milimita 14 da ɗoriya a jirgin gaske, ramin da ɗan yatsa zai kusa shiga. Babu jirgin da ke tashi da irin wannan giɓi. Don haka na fi son layi ya yi siriri har sai an karkata shi ga haske kafin a gan shi, kuma ƙananan ƙofofin gyara da yawa na bar su ban taɓa ba. Wasu za su ce fenti zai cike layin. Fenti mai kauri ne ke cikewa. A tsinka shi.

In allura ta zarce, kada a cike da fotin gyara, wato kwaɓin cike rami, domin yana marmashewa in an sake tsagawa a kansa. Ɗigon sufa gulu ya fi, amma a goge shi da zarar ya kama, kada ya kwana, don in ya kwana ya fi robar tauri, samfefa sai ta ci gefe ta bar shi a tsaye.

Abin da ya rage shi ne zagayen bakin injuna biyu da ƙasan ciki. Daga nan in wanke da sabulu saboda maiƙon hannu da ƙura, in fesa shafen farko mai ruwan toka, wanda zai tona duk layin da ya karkace. Wanda ya taɓa zagaye bakin injin Alpha Jet da allura, don Allah ya gaya mini da me ya jingina, domin zirin gwangwanin ya yi wa wurin faɗi.