Duwatsun murhu uku

Jama'a, taɓin hankali ba dalili ɗaya gare shi ba. Tun 1977 likita George Engel ya ce a duba shi ta fuska uku, kamar duwatsun murhu: jiki, tunani, da zamantakewa. Gado da shan ƙwayoyi na jiki ne. Rashin aiki ko rikicin gida na zamantakewa.

Ciwon damuwa ba ɓacin ran kwana biyu ba ne. Sai alamomin sun kai sati 2 ake kiransa ciwo. Maganinsa kan ɗauki sati 2 zuwa 4 kafin ya kama, nan mutane ke gajiya su watsar. Kuma ko an ji sauƙi, a ci gaba aƙalla wata 6.

Mai zazzaɓi da sambatu kuwa, a garzaya da shi asibitin Shika da ke Zariya tukuna, don wataƙila ciwon jiki ne ba taɓin hankali ba.