Daga Marwa zuwa Garwa, neman maganin albaras

Da asuba muka shiga mota a Marwa ta ƙasar Kamaru, ni da Goggo, ta ƙudundune hannayenta cikin mayafi duk da zafin da ake yi. Farin ya fara mata ne daga kan yatsu, ya haura wuyan hannu, sannan ya ɓulla a bayan ƙafa. A unguwa har an fara raɗa wai kuturta ce, wata maƙwabciya ma ta daina sa hannu a kwano ɗaya da ita. Muka wuce Figil da masana'antar simintinta, muka wuce Pitowa, kafin azahar muna Garwa a bakin Binuwai.

Likitan fata ya kashe wutar ɗaki, ya haska hannun da wata fitila mai shuɗin haske, tabon ya fito fari fat. Ya shafa auduga a kai, Goggo ta ce tana ji. "Hajiya, ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka," in ji shi. Garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi.

Bai yi mana daɗin baki ba, abin da ya sa na yarda da shi ke nan. Ya ce launi yakan dawo ne daga gindin gashi, yatsu da ƙafa kuwa gashinsu kaɗan ne, shi ya sa suka fi fuska taurin kai. Ya rubuta man shafawa mai sitiroyid da za a riƙa hutawa a tsakani don kada fata ta sirance, da wani mai suna takrolimus. Akwai kuma haska fata da wani haske na musamman da ake kira UVB, sau 2 ko 3 a mako har tsawon watanni, in an samu na'urar. In tabon ya shekara bai ƙaru ba, ana iya dasa ƙwayoyin fata daga cinya. Ya ambaci wani man shafawa, Opzelura, da Amurka ta amince da shi don albaras a 2022, Goggo na jin kuɗinsa ta ce a wuce wurin.

Aka ɗebi jininta don duba maƙoƙo, don sau da yawa ciwonsa da albaras kan zo tare. Tana ɗaura mayafi ta tambayi abin da ke ranta tun daga gida: lalle fa? Ya ce ja na gargajiya ta sa abinta, zai ma rufe farin. Baƙin nan na kanti ne ya hana, don yana iya ƙona fata, kuma duk inda aka ji ciwo sabon tabo na iya fitowa.