Sana'ar koyar da iyo a Jos: daga numfashi muke farawa

Ina da ƙaramar makarantar koyar da iyo a Jos. Wurin ninƙayar na wani otal ne, haya muke biya da awa, kuma mata suna da ranarsu daban tare da malamarsu.

Tambayar iyaye kusan ɗaya ce: "Malam, yaushe zai fara tafiya a ruwa?" Nakan roƙe su haƙuri, domin a satin farko ba na koya wa yaro motsa hannu ko ƙafa. Yakan tsaya inda ruwa bai wuce ƙirjinsa ba, ya shaƙi iska da baki, ya nutsa fuska, ya riƙa fitar da ita a hankali ta hanci har kumfa ta tashi. Wasu iyayen suna ganin kuɗinsu ake ɓatawa, alhali wannan darasin ne mafi daraja cikin abin da muke sayarwa.

Sabon shiga yana nutsa kai sai ya riƙe numfashi. Gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita ta taru a jini, ƙirji ya matse, ya ji kamar za a shaƙe shi. Sai ya ɗago kai gaba ɗaya, ƙafafunsa su nutse, ya so ya fitar da iska ya kuma shaƙa a lokaci guda, ya kurɓi ruwa, tsoro ya shige shi. Wanda ya fitar da iskarsa tun a cikin ruwa kuwa, shaƙa kawai ta rage masa. Daga nan muke koya masa juya kai gefe tare da kafaɗa, ido ɗaya yana cikin ruwa, sannan ya saba numfashi bayan kowane jan hannu uku, dama da hagu.

Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma sanyinta yana taɓa cinikinmu. A Disamba da Janairu ɗalibai sukan ragu sosai, sai Maris da Afrilu kasuwa ta buɗe. Ruwan sanyi yana sa mutum ya ja iska ba da niyya ba, don haka ba mai tsalle ya faɗa: a hankali ake shiga, a jiƙa fuska, a jira numfashi ya daidaita.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne gasar wa zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Samari sukan yi ta numfashi da sauri kafin su nutse, hakan yana jinkirta jin buƙatar iska, sai mutum ya suma a ƙasa ba ko motsi. Irin wannan wasa suke kai wa kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajajen Bukuru, Rayfield da Barkin Ladi, masu zurfi da gangare mai santsi, inda babu mai tsaron rai. Duk wanda na kama yana yi a wurinmu, darasinsa na ranar ya ƙare, kuma da kaina nake kiran mahaifinsa kafin yamma.